Masu binciken diflomasiyyar jama'a, ku juyo wajen mai sauraro

Kowace ƙasa da ta isa tana da hanya biyu ta magana da waje. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani, jakada da minista a ɗakin taro, gwamnati da gwamnati. Ta biyu kuwa tsallake gwamnati take yi ta nufi mutanen ƙasar kai tsaye, ta gidan rediyo, ta gurbin karatu kyauta, ta cibiyar koyar da harshe, ta fim, yanzu kuma ta waya. Wannan ta biyun ake kira diflomasiyyar jama'a, kuma ta zama fannin karatu mai zaman kansa a jami'o'in Turai da Amurka, da mujallunsa da farfesoshinsa da tarukansa na shekara-shekara.

Fannin ɗan Amurka ne tun daga haihuwa. Edmund Gullion, tsohon jakada da ya shugabanci makarantar Fletcher ta jami'ar Tufts, shi ya yayata sunan a 1965. A lokacin hukumar yaɗa labarai ta Amurka, USIA, wadda aka kafa a 1953, tana tsakiyar gwabzawa da Tarayyar Sobiyat. Da yaƙin cacar baka ya ƙare sai aka ga kamar aikin ya ƙare, aka narkar da hukumar cikin ma'aikatar harkokin waje a 1999. Bayan shekara biyu aka kai harin 11 ga Satumba, Amurkawa suka farka suna tambayar me ya sa ake ƙin su, kuɗi suka dawo, bincike ya dawo. Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta buɗe cibiyarta ta wannan fanni a 2003. Tunanin masanin siyasa Ba'amurke Joseph Nye na 1990, cewa ƙasa na iya samun abin da take so da lallami da jan hankali ba sai da bindiga ko kuɗi ba, ya zama karatun kowa. Wannan asali shi ya bar wa fannin tambayar da har yau bai rabu da ita ba: yaya za mu yi su so mu?

Ina zaune a Ingila, kuma ina leƙa tarukan masana wannan fanni idan dama ta samu. In aka zo zancen inda bincike zai dosa nan gaba, amsar kusan ɗaya ce: ƙirƙirarriyar basira, labaran ƙarya na intanet, yadda jakadu ke amfani da X da TikTok. Na zauna a wani zama inda wani matashin malami ya haska allo cike da zane-zane, ya ƙirga saƙonnin da ofisoshin jakadancin wasu manyan ƙasashe suka wallafa a Afirka, ya raba su launi-launi, ya nuna wanda aka fi dannawa. Aiki ne mai tsafta, ba na raina shi. Amma duk saƙonnin da ya ƙirga na Ingilishi ne da Faransanci, kuma bai yi magana da mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka rubuta saƙonnin dominsu ba. Da aka tambaye shi, sai ya ce kuɗin binciken bai kai na tafiya ba.

To, ga abin da ya sa abin ke ci mini rai. Da wuya a samu al'ummar da ƙasashen duniya suka daɗe suna zawarcinta da harshenta kamar Hausawa. BBC ta fara Hausa a 1957, kafin Najeriya da Nijar su sami 'yanci. Jamus da Sin duk sun shigo a 1963. Mosko ta yi nata zamanin. Muryar Amurka ta zo a 1979, Faransa ta buɗe RFI Hausa a 2007, Iran na magana daga Tehran, Turkiyya ta ƙaddamar da TRT Afrika a 2023 da Hausa a ciki. Ko tashar Arewa24 da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta fara a 2014. Duk waɗannan manema ƙofa ɗaya suke sallama, amma masu bincike sun ƙare shekaru suna auna rigar kowane saurayi da irin turaren da ya fesa, ba wanda ya shiga ciki ya tambayi yarinyar wa take so, kuma don me.

Wanda ya tashi da rediyo a gida ya san mai sauraron nan ba tulu ba ne da ake ɗura wa ruwa. Dattijo zai kama Landan, ya murɗa ya koma Jamus, ya leƙa Amurka, sannan ya yanke hukunci da kansa: waɗannan sun ɓoye adadin, waɗancan sun faɗa, su kuma na can ai dama ba sa shiri da shugaban, dole su faɗi haka. Ya san kowace tasha da mai ita, ya san inda take karkata, kuma yana cire wannan karkatar daga labarin kafin ya ɗauka. Yana iya amincewa da labarin BBC ɗari bisa ɗari alhali bai yarda da manufar Birtaniya ko ta sisin kwabo ba. Wannan rarrabewar, tsakanin yarda da tasha da son ƙasar da ta kafa ta, ita ce babbar tambayar da ya kamata fannin ya sa a gaba, domin idan ta tabbata to rabin lissafin da gwamnatoci ke yi a kan gidajen rediyonsu ya rushe. A nan Ingila kuwa mutane da yawa, har da masu digiri, jarida ɗaya suke karantawa shekara da shekaru. Ban ga dalilin da zai sa a ɗauka su ne wayayyun masu sauraro, namu kuma su ne abin yi wa wayo ba.

Sai batun ma'auni. Akwai jadawalin da kamfanoni ke fitarwa suna jera ƙasashe bisa farin jininsu, akwai ƙuri'ar jin ra'ayi irin ta Pew da Afrobarometer. Suna da amfani, amma “kana kallon ƙasa kaza da kyau ko da muni?” tambaya ce mai ɗaukar hoto ba ta bayani. A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga matasa da tutar Rasha a Kano da Kaduna, har aka kama teloli. Ofishin jakadancin Rasha ya ce babu hannunsa. Masu sharhi a nan suka yi ta rubutu a kan nasarar farfagandar Mosko. Wataƙila da hannun wani, wataƙila babu. Amma me yaron da ya ɗaga tutar yake nufi? Son Putin ne, ko haushin gwamnatinsa, ko kwaikwayon abin da ya gani a Yamai bayan juyin mulkin 2023? Waɗannan abubuwa uku ne daban, maganinsu daban, kuma ba a gane su daga Landan ta hanyar ƙirga saƙonni. Sai an zauna da shi, da Hausa, an kuma daɗe.

Misalin da na fi so a koya wa ɗaliban fannin shi ne na rigakafin shan inna. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da shi, Kano ta fi daɗewa, sai tsakiyar 2004 ta koma. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba, ga kuma yaƙin Iraƙi ana gani a talabijin. Duk bayanin da manyan hukumomin duniya suka yi bai shiga ba. Daga cikin abin da ya warware matsalar akwai samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, da sa bakin malamai da sarakuna. Indunusiya ba ta da sashen Hausa, amma a ranar da ake buƙatar amana sunanta ne ya yi aiki. Daga ina wannan amanar ta fito, yaya ake tara ta, yaya take zubewa? Ga bincike na shekara goma.

Haka zancen guraben karatu. Rubuce-rubuce sun yi yawa a kan guraben Fulbright na Amurka da Chevening na Birtaniya, da cibiyoyin Confucius na koyar da harshen Sin, waɗanda Najeriya ke da su a jami'ar Legas da ta Nnamdi Azikiwe. Amma in ana maganar gurbin karatun da ya canza tunanin jama'a a ƙasar Hausa, ai Azhar ce da Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, da jami'o'in Khartum, da kuma Kum ta Iran. Wanda ya dawo daga Landan da digiri ofis yake shiga, mutum nawa ke jin sa? Wanda ya dawo daga Madina mumbari yake hawa, duk Juma'a dubbai na zaune, karatunsa kuma yana yawo a waya. Masana tarihi da na addini sun yi aiki a kan wannan, masu diflomasiyyar jama'a kuwa suna kewaye shi, ina jin saboda fannin ya taso a wurin da ake jin nauyin sa addini cikin lissafi.

Akwai kuma mutanen tsakiya, wato 'yan jaridarmu da suka yi aiki a waɗannan tashoshi. Su suka mayar da muryar baƙo ta zama ta gida. Su ke zaɓar kalma, su ke sanin labarin da zai ƙona da wanda zai wuce, su ke tsayawa tsakanin edita Bature da mai sauraro a Maraɗi. Farin jinin tashoshin nan nasu ne kafin ya zama na Birtaniya ko Jamus. Da yawansu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, kuma abin da suka sani yana tafiya da su. Ga wasiƙun masu sauraro na shirye-shirye irin su Amsoshin Takardunku, shekara da shekaru na tambayoyin da talaka ke yi wa duniya da hannunsa. Duk wanda ya bi sawun abin da ya rage daga cikinsu, a ma'ajiyar BBC ta Caversham ko a Bon, gidan rediyon Jamus, zai rubuta tarihin da babu irinsa.

Abin da ya sa nake ganin akwai gaggawa shi ne ƙasa tana motsi yanzu. A watan Maris na 2025 gwamnatin Trump ta tura ma'aikatan Muryar Amurka hutun dole, shirye-shiryen Hausa suka tsaya bayan shekara 46. Sojojin Nijar sun rufe RFI da France 24 a Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Masu bincike kan yi kukan cewa ba za su iya kashe tasha don su ga abin da zai faru ba. To ga shi an kashe musu. Ina masu sauraron suka koma? Wa ya cike gurbin, Ankara ko Bejin ko wani mai waya a ɗakinsa? Ra'ayinsu a kan Amurka ya canza, ko ko a jikinsu? In ba a tambaya yanzu ba, nan da shekara biyar mutane sun manta yadda suka ji. Kuma yawancin zancen ya koma saƙon murya a WhatsApp, inda babu manhajar da ke ƙirgawa daga nesa.

Laifin ba na Turawa kaɗai ba ne. Jami'o'inmu na da sassan aikin jarida da na kimiyyar siyasa da na Hausa, kowanne a ɗakinsa, ɗalibi kuma yana ɗauko ra'in Nye ya manna a babi na biyu ya wuce. Mun kuma manta mu ma muna aikawa, ba karɓa kawai muke yi ba. Tun 1987, zamanin da Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, Najeriya ke tura malamai da likitoci da injiniyoyi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. Muryar Najeriya na watsa shiri zuwa waje tun farkon shekarun 1960. An yi bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a 1977, an yi kamfen ɗin gyaran sunan Najeriya na ministar yaɗa labarai Dora Akunyili a 2009. Wanne ya bar tasiri? Ni zato na malamin lissafin da ya yi shekara biyu a wani ƙauye a Gambiya ya fi duk allunan talla aiki, amma zato ne, kuma aikin jami'a shi ne ta fitar da mu daga zato.

In da ni ke rabon kuɗin bincike a nan, da sharaɗi ɗaya zan kafa: duk wanda zai yi rubutu a kan yadda wata ƙasa ke neman zukatan wasu mutane, ko dai ya ji harshensu, ko ya haɗa kai da masanin da ke zaune a cikinsu, kuma sunan wannan masanin ya hau kan takardar a matsayin marubuci, ba a cikin godiya ba. A kuma ware kuɗin fassara sakamakon zuwa harshen waɗanda aka yi binciken a kansu, a karanta musu a rediyo, su bugo waya su ce an yi daidai ko an yi kuskure.