Wata ukun farko na mai aiki a ƙasar waje

Duk wanda ya samu aiki a wata ƙasa, hankalinsa kan aikin yake tafiya: zan iya kuwa, ko za a raina ni? Ni a ganina fargabar ta sauka inda bai kamata ba. Wanda aka ɗauko daga nesa, an riga an auna shi an ga zai iya. Abin da ke karya gwiwar baƙo a wata ukun farko ƙananan abubuwa ne da suka sarƙe da juna, kowanne yana jiran ɗan'uwansa, kuma ba wanda zai zaunar da kai ya jera maka su, don su 'yan ƙasa a ciki aka haife su.

Mu fara da takardu, don nan aka fi shan wuya. A ƙasashe da yawa banki ba zai buɗe maka asusu ba sai da adireshi. Mai gidan haya kuma yana son ganin takardar albashi, wani ma ta wata uku. Albashin ba zai shigo ba sai da asusu. Ka ga an koma gidan jiya. Bakin zaren shi ne adireshi. A Jamus, alal misali, doka ta ba ka kwana 14 bayan ka tare ka yi rajistar mazauninka a ofishin hukuma, kuma sai da takardar shaida daga mai gida. Bayan rajistar ne lambar harajinka za ta zo ta gidan waya. In wurin aikinka ba su samu lambar ba, za su yanke maka haraji a mataki mafi tsada, ka ga albashin farko ya zo a rame. Kuɗin za su dawo daga baya, amma mai gida ba ya jiran daga baya. Don haka kafin ka biya kuɗin masaukin wucin gadi, tambaya ɗaya ce: ana iya rajista da wannan adireshin? In aka ce a'a, nemi wani, ko da ya fi tsada. Sannan ka roƙi wurin aikinka wasiƙa mai ɗauke da matsayinka, albashinka da ranar da ka fara. Wannan wasiƙar tana maye gurbin takardar albashin da ba ka da ita tukuna, a wajen banki da wajen mai gida.

Sai guzuri. Mutane suna lissafi kamar ranar da suka sauka za a fara biyansu. In ka fara aiki bayan an rufe lissafin albashin watan, kana iya yin mako shida zuwa takwas kafin kwabo ya shigo. A cikin wannan lokacin za ka biya hayar farko, da kuɗin ajiya na gidan (wanda mai gida yake riƙewa har ranar tashi), da katin mota ko jirgin ƙasa, da layin waya, da kayan kwanciya. Kuɗin ajiyar nan ba wasa ba ne: a Jamus yana kaiwa hayar wata uku, a Ingila yawancin gidaje an ƙayyade shi a hayar mako biyar. Wanda ya taho da abin da bai kai kuɗin zaman wata biyu ba, da bashi zai fara rayuwa. Kuma don Allah kar ka yi wa na gida alƙawarin adadin da za ka riƙa turowa tun kana filin jirgi. Adadin da ke cikin kwantiragi daban, abin da zai faɗo asusu bayan haraji, inshorar lafiya da fansho daban. Bari ka ga albashi uku, ka san abin da wuta da abinci suke ci, sannan ka yanke abin da za ka iya ɗorewa a kai. Alƙawarin da aka yi cikin zumuɗi shi ne yake sa mutum karɓar aikin dare a kan na rana har jiki ya gaza.

Kwantiragin ma a karanta shi da natsuwa, ba a tsaye ba. Awa nawa a mako, ana biyan ƙarin lokaci ko hutu ake bayarwa a madadinsa, wata nawa ne lokacin gwaji, kwana nawa ne sanarwar sallama, wa zai biya tikitin komawa. Abin da ya fi duka muhimmanci: izinin zamanka a ɗaure yake da wannan aikin? A Ingila da Amurka, masu bizar ƙwararru da yawa kwana 60 suke da shi bayan aiki ya ƙare, ko su samu wani mai ɗaukar nauyi ko su tattara. Gara ka san wannan tun ranar farko. Fasfo kuma naka ne. Ko a Saudiyya, Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda aka fi jin wannan ƙorafi, doka ba ta yarda mai aiki ya riƙe fasfon ma'aikaci bisa tilas ba. Ka ɗauki hoton fasfo, biza da kwantiragi ka aika wa kanka ta imel, ka bar kwafi a hannun wani amintacce.

A wurin aiki, dokar da ba a rubuta ba ta fi wadda aka rubuta ƙarfi. Mako biyun farko ka zama mai ido da kunne: ƙarfe nawa mutane suke isowa taron ƙarfe tara, da suna ake kiran shugaba ko da muƙami, wa yake magana a taro, yaya ake cewa a'a. Akwai inda shugaba zai gaya maka aikinka bai yi ba kai tsaye, ba tare da ya ƙullace ka ba, da rana ku ci abinci tare. Akwai kuma inda za a ce maka "wataƙila ka sake dubawa in ka samu lokaci", alhali umarni ne aka ba ka. Baƙo yakan ji zafin na farko ya yi sakaci da na biyu, duka biyun kuskure ne.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne kunyar tambaya. Mutum bai gane ba, sai ya gyaɗa kai don kar a ce bai iya yaren ba, ya je ya ɓata kwana uku a kan abin da ba shi aka sa shi ba. Maganin mai sauƙi ne. Bayan an ba ka aiki, ka rubuta layi biyu ka tura: ga abin da na fahimta, ga ranar da zan kawo. In ka ga ba za ka cika ranar ba, ka faɗa tun da sauran lokaci. A yawancin wurare jinkirin da aka sanar ana yafe shi, shirun ne ba a yafewa. Kar kuma ka jira ƙarshen lokacin gwaji kafin ka ji matsayinka. A mako na huɗu da na takwas ka nemi minti goma wajen shugabanka ka tambaye shi abin da yake so ka gyara. In kana da buƙatar lokacin ibada ko wata rana ta musamman, ka faɗe ta tun farko a shirya da ita, ya fi a riƙa nemanka a rasa.

Gida kuwa, ranar da ka karɓi makulli ka ɗauki hoton kowane bango, kowane tabo, da lambar mitar wuta da ta ruwa. Da waɗannan hotunan za ka karɓo kuɗin ajiyarka ranar tashi. A ƙasashen sanyi baƙo yakan rufe tagogi ruf ya shanya wanki a ɗaki, tururi ya taru, bango ya yi funfuna, a cire masa kuɗin gyara. Buɗe taga gaba ɗaya na minti biyar zuwa goma safe da yamma ya wadatar. Ka duba ƙarfin lantarki kafin ka jona kayanka, don Amurka da Kanada volt 120 suke amfani da shi, Turai volt 230. Lasisin tuƙin da ka taho da shi daga gida ma yana da wa'adi: wata 12 a Ingila, wata 6 a Jamus ga wanda ya zo daga wajen Tarayyar Turai.

Ka yi rajista da likita kana lafiya, kar ka bari sai zazzaɓi ya kwantar da kai. Mai shan magani kullum ya taho da takardar likita, ya kuma bincika ko maganin halal ne a can, don irin su tiramadol da kodin suna iya jefa matafiyi cikin shari'a a wasu ƙasashe. Lambar gaggawa 112 ce a Tarayyar Turai, 999 a Ingila, 911 a Amurka.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa: kaɗaici. Makonnin farko komai sabo ne, ɗoki yana ɗauke da kai. Bayan ɗokin ya lafa sai barci ya rikice, ƙaramin abu ya riƙa harzuƙa ka, ka ji komai na ƙasar haushi yake ba ka. Wannan sananne ne, wani masani mai suna Kalervo Oberg ya yi rubutu a kansa tun 1960. Hunturu yana ƙara masa nauyi, a Landan ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Waya da 'yan gida tana rage zafi, amma in ita kaɗai ce, jikinka yana nan ranka yana can. Ka samu wuri guda da za ka riƙa zuwa rana ɗaya a mako, lokaci ɗaya, ajin koyon yare ne ko filin ƙwallo ko wurin ibada, har fuskoki su saba da kai. In abin ya wuce mako biyu ba ka iya ci ba ka iya barci, ka ga likita.

'Yan ƙasarku da suka riga ka zuwa alheri ne, za su nuna maka kasuwa da hanya. Amma zancen biza da haraji, abin da suka sani na shekarar da suka zo ne, dokokin kuma suna canzawa. Ka saurare su, sannan ka tabbatar a shafin hukuma. Ranar ƙarewar izinin zamanka kuma ka sa wayarka ta tuna maka da wata uku kafin ta cika, don a wasu biranen samun ranar ganin jami'i kaɗai yana cin makonni.