Lasisin jirgi marar matuƙi ba takura ba ce

Masu ƙorafi, wai don me sai an ci jarrabawa kafin a yi sana'a da jirgi marar matuƙi, ku tuna Disambar 2018. Rahoton ganin irin waɗannan jirage ya tsayar da filin jirgin Gatwick a Ingila, tashi da saukar jirage kusan 1,000 suka wargaje. A Amurka tun 2016, kafin ka yi wannan sana'a sai ka kai shekara 16, ka ci jarrabawa, kuma kada ka wuce ƙafa 400 sama. Mai ɗaukar hoto da irin wannan jirgi a taro, farfela na juyawa bisa kawunan yara, dole ya san halin iska da ƙarfin batirinsa. Roƙona ga hukumomi, a sassauta kuɗin rajista saboda matasa masu tasowa.