In za ka ga kufan Rumawa a Tunisiya, shiga motar haya

Jama'a, duk wanda Allah ya kai shi Tunisiya, karatu ne ko kasuwanci ko neman magani, ina roƙonsa ya ware rana guda ya je El Jem, garin da ke da kangon wani katafaren filin wasa na Rumawa. Kuma kada ya shiga doguwar motar 'yan yawon buɗe ido mai labule. Ya nufi tashar luwaj ta garin Susa, ya yanki tikiti a taga, ya zauna cikin mutane.

Luwaj farar ƙaramar bas ce mai cin mutum 8, masu jan layi a jiki su ke zirga-zirga tsakanin manyan garuruwa. Ba ta da lokacin tashi, sai ta cika, kamar dai yadda muka saba a tashar Unguwa Uku. Za ka zauna kusa da ɗalibi, ko soja mai komawa hutu, ko tsohuwa da kwandonta. In ka yi sallama da Larabcinka na makarantar allo, hira ta ƙullu ke nan.

Dalilina ya wuce arahar kuɗin mota. Hanyar ce ke fassara maka kangon. Tun daga fitarka Susa har ka doshi El Jem, hagu da dama itatuwan zaitun ne jere-jere, iyakar ganinka. Sai can ka hango wani dodon gini ya taso daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya rufe garin gaba ɗaya. Tsayinsa ya kai mita 36, yana ɗaukar 'yan kallo kusan 35,000, an gina shi wajajen shekara ta 238 miladiyya, lokacin da ake kiran garin Tisdurus. Wanda ya yi barci a motar kwandishan zai sauko yana mamakin yadda ƙaramin gari ya samu irin wannan. Kai da ka biyo gonaki idonka biyu, ka riga ka ga amsar: man zaitun. Da shi aka tara dukiyar, ana ɗura shi a tuluna ana lodawa jiragen ruwa zuwa birnin Rum. Har gobe da shi mutanen da ke cikin motar nan suke ci, kuma in ka tambayi na kusa da kai yadda damina ta yi wa zaitun, sai ka gaji da saurare.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke ɗaukar waɗannan wurare kayan Turawa, ba ruwanmu. Ƙasar Afirka ce, gumin mutanen Afirka ne. A wannan garin, a waccan shekara ta 238, masu gonaki suka gaji da zaluncin mai karɓar haraji, suka kashe shi, suka naɗa gwamnansu, wani dattijo mai suna Gordiyan, sarkin daular Rum baki ɗaya. Mulkin nasa kusan mako uku kawai ya yi. Kafin shi ma, Sarki Septimiyus Seberus haifaffen Lebda ne, a gaɓar tekun Libiya ta yau. Masu cewa me Musulmi zai je nema a kangon maguzawa, ai an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance. Ka sauka ramukan da ke ƙarƙashin filin, inda ake tsare namun daji da mutanen da za a jefa musu don nishaɗin jama'a, jikinka zai yi sanyi. Ban ce a yi sha'awar wannan ba. A gani dai, a sani.

Wani ɓangaren katangar a rushe yake. Ba tsufa ba ne, igwa ce Bey, wato mai mulkin Tunis na lokacin, ya sa aka harba a 1695 don fatattakar 'yan tawayen da suka fake a ciki, daga nan mutane suka riƙa kwasar duwatsun suna gina gidaje.

Mai sauran ƙarfi ya ƙara da Dugga, wani kufan garin na zamanin Rumawa. Daga tashar Bab Sa'adun a Tunis za ka hau luwaj zuwa Tabursuk, sannan tasi ya haura da kai tudu. Gari ne sukutum: tituna, gidajen wanka, kasuwa, dandalin wasan kwaikwayo mai cin mutum 3,500. Akwai hasumiyar kabarin wani basaraken Numidiya, tsohuwar masarautar yankin, da ta girmi mulkin Rumawa a wurin, wadda ƙaramin jakadan Ingila ya sa aka farfasa a 1842 don ya ciro rubutun da ke jikinta. Rubutun yana Landan har yau, kuma a ganina hakkin Tunisiya ne a mayar mata.

Wahala akwai. Zaman jiran mota ta cika na iya cinye maka awa guda, direbobin kuma suna da ƙafa, sai ka riƙa addu'a. Ka yi sammako, ka riƙe ruwa da hula, ka yi ciniki da mai tasin Tabursuk kan lokacin da zai dawo ɗaukarka, domin da la'asar ta yi motocin komawa Tunis sun fara ƙaranci.