Idan abokin hamayya ya janye daga takara, wa ke gadon magoya bayansa?

A daren 28 ga Mayun 2022, lokacin da wakilan jam'iyyar PDP suka hallara a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja domin zaɓen fid da gwani na takarar shugaban ƙasa, Gwamnan Sakkwato na wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, ya sake hawa mumbari bayan ya riga ya yi jawabinsa, ya sanar da cewa ya janye, ya kuma roƙi wakilansa da su zaɓi Atiku Abubakar. Da aka ƙidaya ƙuri'u, Atiku ya sami 371, Gwamnan Ribas na wancan lokaci, Nyesom Wike, ya sami 237, Bukola Saraki kuma 70. Mutane da yawa sun ɗauka cewa an gama magana a wannan daren, alhali kuwa a nan ne aikin ya fara, kuma abin da ya biyo baya ya nuna cewa 'yan siyasarmu sun fi ƙwarewa wajen lissafin wakilai a cikin zaure fiye da lissafin jama'a a mazaɓu. Ra'ayina shi ne, ɗan takarar da ya janye yana iya miƙa wakilansa ga wanda ya ga dama, amma ba ya iya miƙa talakawan da suka bi shi, kuma duk wanda ya ci gajiyar janyewar bai sauka ƙasa ya nemi waɗannan mutane da kansa ba, to zai gane kurensa ranar babban zaɓe.

Ya kamata a fara da fahimtar ƙanƙantar taron da ya yanke hukunci a wannan dare. Sashe na 84 na dokar zaɓe ta 2022 ya taƙaita jefa ƙuri'a a irin wannan zaɓe ga wakilan da aka zaɓa kaɗai, kuma gyaran da majalisa ta yi don a dawo da masu riƙe da muƙamai bai sami sa hannun Shugaba Buhari ba kafin lokacin. Saboda haka PDP ta yi amfani da wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma cikin 774, da ƙarin 'yan kaɗan na masu buƙata ta musamman, APC kuma ta yi amfani da uku-uku. Mutanen da ba su kai dubu ɗaya ba ne suka zaɓar wa PDP ɗan takara a ƙasar da ke da masu rajistar zaɓe sama da miliyan 93. A irin wannan taro gwamna yana da iko na gaske, domin shi ya tsara yadda aka fitar da wakilan jiharsa, shi ya yi musu masauki, kuma idan ya ce su juya za su juya. Wannan iko bai wuce ƙofar zauren ba. Mai sayar da hatsi a kasuwar Acida ko malamar firamare a Tambuwal ba su ci abincin kowa a Abuja ba, ba su kuma yi wa kowa alkawari ba.

Sakamakon Sakkwato ya isa shaida. Tambuwal gwamna ne mai ci a lokacin, ya zama babban daraktan kwamitin yaƙin neman zaɓen Atiku, kuma babu wanda zai ce bai yi aiki ba, amma a zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 Atiku ya ci jihar da ratar da ba ta kai ƙuri'a dubu huɗu ba a kan Bola Tinubu na APC, bayan makonni kaɗan kuma PDP ta rasa kujerar gwamnan jihar. A Kano lamarin ya fi fitowa fili. A watan Agustan 2022 Malam Ibrahim Shekarau ya bar NNPP ya koma PDP, Atiku ya zo Kano da kansa ya karɓe shi, aka yi gagarumin taro, amma ranar zaɓe Atiku ya tashi da ƙuri'a kusan dubu 132 a jihar da ya sami sama da dubu 390 a 2019, yayin da Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya kusa cika miliyan ɗaya. Babban mutum ya sauya sheƙa, an ɗauki hotuna, amma shugabannin mazaɓu da matasan da ke zama a majalisar unguwa da matan da ke shiga gida-gida sun tsaya inda suke, saboda wanda ya san sunayensu, wanda yake zuwa musu ta'aziyya da suna, yana wani wuri dabam.

Akwai kuma nau'i na biyu na fita daga takara, wanda ya fi na farko hatsari, wato ɗan takarar da ya fice ba tare da ya ɗaga hannun kowa ba. Kwankwaso ya bar PDP a watan Maris na 2022. Peter Obi ya fice kwana uku kafin taron Abuja, ya shiga jam'iyyar Labour, inda Pat Utomi ya janye masa. A lissafin zaure ficewar Obi ba ta da wani nauyi, domin ba shi da gwamnoni a bayansa kuma ba a sa ran zai sami wakilai masu yawa, shi ya sa manyan jam'iyyar suka yi ta cewa ba shi da tsari a ƙasa. To amma a 2019, lokacin da Obi ke mataimakin Atiku, PDP ta sami sama da ƙuri'a dubu 500 a Anambra, a 2023 kuwa ta sami kimanin dubu 9 kacal. Jihohin kudu maso gabas guda biyar, waɗanda PDP ta saba ɗauka tamkar gadonta tun 1999, sun tafi baki ɗaya. Idan aka haɗa ƙuri'un Atiku miliyan 6.98 da na Obi miliyan 6.1 da na Kwankwaso kusan miliyan 1.5, za a ga sun haura miliyan 14, alhali Tinubu ya ci zaɓe da miliyan 8.79. Dukkan mutanen nan uku suna cikin jam'iyya ɗaya a farkon 2022.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan labari shi ne yadda aka yi asarar watanni biyun da suka biyo bayan zaɓen fid da gwani. Hukumar INEC ta ci gaba da rajistar masu zaɓe har zuwa 31 ga Yulin 2022, kuma a cikin waɗannan makonni ne magoya bayan Obi, waɗanda akasarinsu matasa ne da ba su taɓa riƙe katin jam'iyya ba, suka riƙa jan abokansu da 'yan cocinsu da abokan kasuwancinsu zuwa layin rajista. A wannan lokaci da makonnin da suka biyo baya shugabannin PDP suna Abuja da Fatakwal da Landan suna tarukan sulhu tsakanin manya. Shugaban jam'iyyar, Iyorchia Ayu, ya riga ya yabi Tambuwal a matsayin gwarzon taron, maganar da ta shiga kunnen mutanen Wike, waɗanda ba su manta ba cewa a zaɓen fid da gwani na PDP a Fatakwal a 2018 Wike ne ya tsaya wa Tambuwal tsayin daka. Daga nan aka zaɓi Ifeanyi Okowa a matsayin mataimaki, ɓangaren Wike ya dage sai Ayu ya sauka tunda ɗan takara da shugaban jam'iyya duk daga Arewa suke, aka ƙi, gwamnonin PDP biyar, ciki har da Wike, suka ja gefe. Ana iya jayayya a kan wanda ke da gaskiya a wannan rikici, amma babu jayayya a kan cewa babu wani shiri da aka gani na zuwa ga dubban masu yi wa Wike da Obi aiki a mazaɓu don a ce musu har yanzu gidan nasu ne.

Wani zai ce ai gwamnonin nan biyar sun tabbatar da cewa manya ne ke da ƙuri'a, tunda INEC ta bayyana Tinubu a matsayin wanda ya ci Ribas da Oyo da Binuwai, kuma Wike ya zama ministan Abuja daga baya. Wannan hujja tana da ƙarfi, musamman a Ribas, duk da cewa ɓangaren Obi ya yi ta jayayya a kan alƙaluman jihar. Sai dai a duba abin da ya sami uku daga cikinsu. Samuel Ortom na Binuwai, Okezie Ikpeazu na Abiya da Ifeanyi Ugwuanyi na Inugu duk sun nemi kujerar sanata a yankunansu suna kan mulki, kuma dukkansu sun faɗi. Gwamnan da ya kasa kai kansa majalisar dattawa da ƙuri'un ƙananan hukumomin da ya fito, da wuya a ce yana riƙe da ƙuri'un jiha a aljihunsa. Abin da gwamna ke iya yi shi ne ya hana kuɗi, ya hana filin taro, ya sa ejan-ejan su kau da kai, wato yana iya lalata maka aiki, amma ba lallai ne ya iya gina maka shi ba.

A ɓangaren APC mutum bakwai ne suka janye wa Tinubu a dandalin Eagle a watan Yunin 2022, ciki har da Badaru Abubakar na Jigawa da Kayode Fayemi na Ekiti da Godswill Akpabio na Akwa Ibom, ya kuma sami ƙuri'a 1,271. Ya ci Jigawa da Ekiti, ya faɗi a Akwa Ibom, ya ma faɗi a Legas, jiharsa. Inda ya ci, akwai jam'iyyar da ke raye a mazaɓu tun kafin janyewar, kuma an bar shugabanninta a kan aikinsu.

Saboda haka, idan aka tambaye ni abin da ya kamata ɗan takara da jama'arsa su yi washegarin ranar da abokin hamayya ya fita, zan ce su fara da riƙe bakinsu. Sojojin baka a rediyo da masu rubutu a Facebook su ne suka fi kowa saurin yin habaici ga wanda ya faɗi, kuma kowace kalma ta izgili tana komawa kunnen mutumin da ya kashe kuɗinsa ya buga fosta, ya ɓata da maƙwabcinsa saboda gwaninsa. Irin wannan mutum yana iya haƙura da faɗuwa, amma ba ya haƙura da wulaƙanci, kuma shi ne zai yi zagon ƙasa ba tare da kowa ya umarce shi ba. Bayan haka sai a nemi jerin sunayen waɗanda suka yi wa abokin hamayyar aiki a kowace mazaɓa cikin 8,809 da ƙasar nan ke da su, a aika musu mutumin da suke jin kunyarsa a garinsu, ba baƙo daga Abuja ba, a kuma ba su aiki na gaske a kwamitin mazaɓa tare da mutanen wanda ya yi nasara. A nan ne ake samun matsala, domin waɗanda suka sha wahala tun farko suna ganin cewa su kaɗai ya kamata su ci moriya, kuma suna da hujjarsu. Aikin ɗan takara ne ya zaunar da nasa mutanen ya fahimtar da su cewa kujerar kwamiti da aka ba wa tsohon abokin gaba ta fi arha a kan rumfar zaɓen da za a rasa.

Akwai kuma batun abin da ya sa mutane suka bi wancan ɗan takara tun farko, wanda sau da yawa ya fi mutumin kansa daɗewa a zukatansu. Masu goyon bayan Wike da yawa suna bin maganar karɓa-karɓa ne, wato bayan shekara takwas na Buhari mulki ya koma Kudu, masu bin Obi kuma suna maganar tsadar gwamnati da rashin aikin yi da kuma jin cewa an daɗe ana mayar da yankinsu saniyar ware. Wanda yake son ƙuri'unsu dole ne ya ba da amsa a kan waɗannan abubuwa, ko da ba zai iya biyan buƙatar gaba ɗaya ba. A Amurka, lokacin da Bernie Sanders ya janye a watan Afrilun 2020, Joe Biden bai tsaya a kan sanarwar goyon baya ba, sai da ɓangarorin biyu suka kafa kwamitocin haɗin gwiwa guda shida a kan batutuwa irin su lafiya da sauyin yanayi da ilimi, aka sa mutanen Sanders a ciki, abin da suka rubuta kuma ya shiga manufofin jam'iyya. Tsarin zaɓensu ya bambanta da namu, tunda a can miliyoyin mutane ne ke kaɗa ƙuri'a jiha bayan jiha, amma abin da aka yi wa magoya bayan Sanders, wato a nuna musu cewa maganarsu ta shiga takarda, abu ne da kowace jam'iyya a Najeriya za ta iya yi ba tare da ta kashe ko rabin kuɗin taron gangami ɗaya ba.

Ba na cewa ɗoki da farin jini sun wadatar. Jam'iyyar Labour ta miƙa wa INEC sunayen ejan kimanin dubu 135 a ƙasar da ke da rumfunan zaɓe sama da dubu 176, ma'ana akwai dubban rumfuna inda babu wanda zai tsaya mata ya karɓi takardar sakamako, kuma wannan giɓi ya yi mata illa har a kotu, inda aka nemi shaidu rumfa bayan rumfa. PDP kuwa ta cike kusan kowane gurbi a takarda, amma a jihohin da gwamnoninta suka juya mata baya sunayen da ke takardar na mutanen gwamnonin ne. Tsohuwar maganar nan ta 'yan adawar Arewa, a kasa, a tsare, a raka, tana buƙatar mutumin da ya yarda da tafiyar har zuciyarsa, wanda zai zauna a rumfa daga safe har dare ko an biya shi ko ba a biya shi ba. Irin waɗannan mutane suna nan a bayan kowane ɗan takarar da ya janye, kuma a makonnin farko bayan janyewar ba su da uban gida, suna sauraron wanda zai fara zuwa musu da girmamawa. A 2022 Kwankwasiyya a Kano da matasan Obi a Kudu da Abuja ne suka je musu, yayin da jam'iyyar da ta fi kowa buƙatarsu ta shafe watanni tana muhawara a kan kujerar shugabanta na ƙasa.