Indiana ta cike giɓin kasafinta daga aljihun masu raino

Tun farkon watan Oktoban 2025 jihar Indiana ta Amurka ta rage kuɗin da take biyan gidajen rainon yara a madadin iyaye masu ƙaramin ƙarfi. An zaftare kashi 10 cikin ɗari a kan jarirai da 'yan tatata, kashi 15 a kan 'yan shekara 3 zuwa 5, sannan kashi 35 a kan yaran da suka isa makaranta, waɗanda ake ajiyewa kafin a shiga aji ko bayan an tashi. Gwamnatin Gwamna Mike Braun ta ce giɓin dala miliyan 225 ne a asusun shirin ya tilasta mata. Ragin ya yi ciwo, amma abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda aka gabatar da shi kamar wani rangwame: wai gara a rage wa masu raino da a cire yaran da ke cikin shirin.

A kan wannan hujja nake so mu tsaya, domin duk jihar da kuɗi suka yi mata ƙaranci ita take ɗaukowa. Ma'anarta ita ce kuɗin da ake biyan mai raino lamba ce kawai a takarda, in an ga dama a ɗaga, in an ga dama a sauke, yaro kuma yana nan zaune inda yake. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin jarirai a gidan raino ya san wannan ba gaskiya ba ce.

Dokar Indiana ta ƙayyade yawan jariran da ma'aikaciya ɗaya za ta riƙe, mai gidan raino ba ta da ikon ƙara mata ko ɗaya a kai. Duk abin da jariran nan 'yan ƙalilan suka kawo, daga cikinsa za a biya wadda take ɗauke da su tun sassafe, tana haɗa madara, tana canza kunzugu, tana kwantar da wannan tana rarrashin wancan. Daga cikinsa za a biya wadda za ta canje ta idan ta fita cin abinci ko lokacinta ya cika, tunda gidan yana buɗe fiye da awannin aikin mutum ɗaya. Ga hayar gini, ga inshora, ga kuɗin ɗumama ɗaki a hunturun Indiana, ga abinci, ga safar hannu da maganin goge tebur bayan kowane canjin kunzugu. Shi ya sa a yawancin gidajen raino hasara ake yi a ɗakin jarirai. Abin da ke riƙe da shi shi ne rarar da ake samu a ɗakin manyan yara, inda ma'aikaciya ɗaya ke kula da yara sama da 10. To, a nan ne aka cire kashi 35. Wanda ya tsara ragin zai iya cewa ya tausaya wa jarirai tunda kashi 10 kacal ya taɓa nasu, alhali ya kwashe kuɗin da ake cike hasarar ɗakinsu da su.

Sana'ar kuma ba ta da wata rara da za a yanka. A watan Satumban 2021 Ma'aikatar Baitulmalin Amurka ta fitar da rahoto da ya nuna ribar yawancin gidajen raino ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba, sakatariyar ma'aikatar ta lokacin, Janet Yellen, ta bayyana harkar a matsayin kasuwar da ta lalace. Wadda ribarta ba ta kai kashi 1 ba aka cire mata kashi 10 zuwa 35, ina za ta nufa? In ta ce za ta danne albashi, ma'aikatan nata dama abin da suke samu a faɗin ƙasar bai wuce kimanin dala 15 a awa ba, kuma rumbunan ajiyar kaya da manyan kantuna na jiransu da albashi irin wannan ko fiye, ba kukan jariri. In ta ce iyaye su cike abin da jiha ta rage, ai talauci ne ya sa suka cancanci tallafin tun farko. Abin da ya rage mata shi ne ta daina karɓar yara masu takardar tallafi, ko ta rufe ɗaki guda, ko ta kulle ƙofa gaba ɗaya. Sunan yaro yana nan a rajistar gwamnati ba a cire ba, uwarsa kuwa tana riƙe da takardar da babu mai karɓa a unguwarsu.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai ce ina kaka, ina ƙanwar miji, ina maƙwabciya. 'Yan uwanmu mazauna New York za su gaya masa cewa a can kowa na wurin aiki, kuma babu dokar tarayya da ta tilasta biyan mace albashi a hutun haihuwa. Gidan raino ya rufe, uwa ta ajiye aiki.

Tushen matsalar ya girmi Braun, yana cikin yadda ake yanke farashin tun asali. Dokar tarayya da ke ba jihohi kuɗin tallafin raino an kafa ta a 1990, aka sabunta ta a 2014. Hanyar da aka saba bi ita ce jiha ta bincika abin da gidajen raino ke cajin iyaye, ta jera farashin daga mafi araha zuwa mafi tsada. Gwamnatin tarayya na ba da shawara a biya abin da zai ishi iyali shiga gidaje 75 cikin kowane 100. Shawara ce kawai, jihohi da dama sun daɗe suna biya ƙasa da haka, wasu ma da alƙaluman shekarun baya. Amma ko an cika wannan ma'auni, akwai lauje cikin naɗi. Farashin da mai raino ke caji a unguwar talakawa yana nuna iyakar abin da iyayen unguwar za su iya biya ne, bai nuna abin da rainon yake ci ba. Ta san idan ta ɗaga, za su kwashe yaransu. Sai ta danne farashi, ta danne albashin ma'aikatanta, ita kanta wani watan ta haƙura da nata. Gwamnati ta zo ta rubuta wannan dannannen farashi, ta kira shi farashin kasuwa, ta mayar da shi mizanin abin da za ta biya. Unguwar masu hali ta samu farashi mai tsoka, unguwar talakawa da ƙauyuka su samu na talauci, kuma a nan ne yaran tallafin suka fi yawa.

Ko jiha ta ce ba farashi ta duba ba, kuɗin da gidajen ke kashewa ta duba, maganar ba ta canza ba muddin albashin yau aka sa a lissafin. Albashi shi ne kaso mafi girma a kuɗin gudanar da gidan raino. Wanda ya ɗauki dala 15 a awa ya ce haka raino yake ci, ya amince ke nan cewa matar da ke riƙe da jariran wasu ta ci gaba da neman tallafin abinci don ciyar da nata. Ban taɓa jin jihar da ta ba ɗan kwangila aikin gada ta ce masa ya karɓi ƙasa da kuɗin siminti da rodi saboda kasafi ya yi giɓi ba. Da shi ana zama a yi lissafin kayan aiki, a ɗora masa riba. Mata masu raino kaɗai ake yi wa wannan kashin dankali, saboda an san ba za su iya ajiye jariri a bakin ƙofa su tafi yajin aiki ba, kuma da yawansu baƙaƙen fata ne, 'yan asalin Latin Amurka da baƙin haure, waɗanda muryarsu ba ta kai zauren majalisa.

Za a ce kuɗin annobar korona ne suka ƙare. Gaskiya ne. A watan Maris na 2021 majalisar tarayya ta ware dala biliyan 39 don raino, biliyan 24 na tallafa wa gidajen kai tsaye suka ƙare a ƙarshen Satumban 2023, ragowar biliyan 15 a ƙarshen Satumban 2024. Sai dai waɗannan ranaku an san su tun ranar da aka sa hannu, ba su faɗo wa kowa daga sama ba. Kuma jihar da ke cewa babu kuɗi ita ce take rage harajin kuɗin shiga kowace shekara, daga kashi 3.05 a 2024 zuwa kashi 2.9 nan da 2027. Ita ce kuma a kasafin 2025 ta amince a cire sharaɗin ƙarancin samun iyali a tallafin biyan kuɗin makarantu masu zaman kansu daga 2026, ta yadda ɗan attajiri ma zai karɓa. Majalisar da ta samo wa wannan kuɗi ba ta da bakin gaya wa mai raino cewa asusu ya bushe. Zaɓi ta yi, ta zaɓi wanda zai ɗauki nauyin.

Masu cewa uwa ta zauna gida ta yi rainon ɗanta sun manta cewa sharaɗin samun tallafin shi ne iyaye su kasance suna aiki ko karatu. Masu cewa a sassauta doka a ƙara wa ma'aikaciya yara, su fara kai nasu jaririn ya zama na shida a hannun mutum ɗaya. Sai masu ihun zamba, waɗanda suka samu ƙarfi tun da aka tayar da ƙura kan zargin cin kuɗin tallafi a wasu gidajen raino a jihar Minnesota a ƙarshen 2025. Wanda ya ci kuɗin yara a kama shi a kai shi kotu, ba ni da ja. Amma a watan Janairun 2026 ma'aikatar lafiya ta gwamnatin Trump ta gabatar da shirin soke ƙa'idar 2024 da ta umarci jihohi su biya masu raino bisa rajistar yaro, kuma su biya kafin a yi aikin. Ana so a buɗe ƙofar komawa biya bisa ranakun da yaro ya zo. Wato ranar da zazzaɓi ya kwantar da yaro a gida, mai raino ce za ta yi hasara, ga ma'aikaciya ta zo, ga haya na tafiya, gurbin kuma ba ta isa ta ba wani ba. Iyayen da ke biya daga aljihunsu kuɗin wata suke bayarwa ko yaro ya zo ko bai zo ba. Don me gwamnati za ta zama abokin ciniki mafi sharri, sannan ta yi mamakin gidajen raino na gudun yaranta?

Ba abu ne da ya gagara ba. New Mexico, ɗaya daga cikin jihohi mafiya talauci a Amurka, ta bar bin farashin kasuwa tun 2021 ta koma lissafin ainihin abin da raino yake ci. A Nuwamban 2022 masu zaɓe suka amince a riƙa ɗiban kuɗi daga asusun jihar na dindindin, wanda arziƙin mai da iskar gas ke cikawa, don kula da ƙananan yara, kuma daga 1 ga Nuwamban 2025 Gwamna Michelle Lujan Grisham ta buɗe raino kyauta ga kowane iyali. In an ce ai su suna da mai, jihar Vermont ba ta da ko ɗigo. Majalisarta ta sa harajin kashi 0.44 a kan albashi a 2023, ta tsallake ƙin amincewar Gwamna Phil Scott, ta ɗaga abin da ake biyan masu raino.

Abin da ya kamaci Indiana shi ne ta mayar da abin da ta zaftare, ta yi lissafi da albashin da mutum zai rayu da shi, ta biya bisa rajista ko da gwamnatin tarayya ta sassauta ƙa'idar. Majalisar tarayya kuma ta mayar da ma'aunin gidaje 75 ɗin nan doka, ta biyo shi da kuɗi. A halin yanzu yaro kusan 1 cikin 6 da suka cancanci tallafin a faɗin Amurka ne ke samu, kuma a Indiana dubban yara na jerin jira tun da aka dawo da shi a Disambar 2024. Ranar da aka kira sunayensu, gidajen rainon da za su karɓe su sai sun kasance a buɗe, kuma da kuɗin da ake biya yau da yawa ba za su kai ba.