Ranar da aka rubuta min ciki wata 8 a asibiti

Tunda 'yan layinmu na babbar kasuwar Garwa sun riga sun baza labarin nan kowa da irin gishirin da yake ƙara masa, gara in faɗa da bakina. Eh gaskiya ne an same ni kwance a ɗakin masu haihuwa. Amma wallahi ba yadda suke faɗa bane.

Ƙusa ce ta fara jawo min. Ran Litinin ina sauke kwalin kayan mashin a ƙofar shago sai na taka wata tsohuwar ƙusa mai tsatsa, ta ratsa silifas ta shige tafin ƙafata. Maƙwabcina bakanike yace kar in damu ya tsiyaya min man birki a wurin, naji zafin har cikin ƙwaƙwalwa nace to tunda yayi zafi haka ai magani ne. Zuwa Laraba ƙafa ta kumbura tayi suntum kamar burodin da aka manta a tanda, uwar yara ta tsaya a bakin ƙofa tace Alhaji ko kaje asibiti ko in kira Inna. Duk wanda ya san mahaifiyata ya san ba zaɓi aka bani ba. Na hau mashin ɗan acaɓa muka nufi wata ƙaramar asibiti can bayan gari, ba zan faɗi sunanta ba don har gobe can nake kai yarana.

Ni dai na san tsarin, duk ɗan Kamaru ya sani. Ka fara zuwa kes, wato wurin biyan kuɗi, ka biya kuɗin ganin likita, ka sayi karne, wato ɗan littafin asibiti, in naka ya ɓata (nawa kullum a ɓace yake), a rubuta maka ordonans, wato takardar magani, kaje farmasi ka sayo safar hannu da sirinji da auduga da filasta da kanka, in kwanciya ta kama ka to zanin gado daga gida, abinci daga gida, mai jinya ma daga gida. Wani ɗan ƙanena da yake jami'ar Ngawundare ya taɓa ce min kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita, nace yaro wannan ba sai anje jami'a ba, ka tambayi aljihuna. Shi ne kuma ya bani labarin cewa a 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin kowa zai ware kashi 15 na kasafin kuɗinsa wa lafiya. Mu dai ko rabin hanyar bamu kai ba.

Muna isa sai naga kamar ɗan acaɓa ya ɓata hanya. An shafa farar ƙasa a gindin duk bishiyar darbejiyar dake filin, har duwatsun bakin hanya an yi musu kwalliya, an share ko'ina tas, maigadin da na sani da yagaggen singileti yau ga shi cikin kaki har da hula. Babban abin mamaki sabon ginin nan dake gefe, wanda shekara da shekaru a kulle yake awaki ne kawai ke kwana a barandarsa, yau a buɗe, har fanka tana juyawa a ciki.

Maganar gini kam mu 'yan Arewa mun ga iri-iri. A ƙarshen 2014 aka shelanta shirin gaggawa na shekara 3, biliyan 925 na sefa, a ciki har da manyan asibitoci 8 a manyan biranen jihohi, shekara ukun nan ta miƙe ƙafa ta yi ta tafiya, har ƙwallon Afirka ta zo filin wasa na Rumde Ajiya nan Garwa a farkon 2022 ana ta maganar kammalawa. Namu ɗan ginin ba ya cikin waɗannan manyan, ƙaramin alhaki ne, amma halin gidan ɗaya ne.

Ina ɗingisawa zuwa kes sai ga majo, wato shugaban nas-nas ɗin wurin, ya taro ni da fara'ar da ban taɓa ganin irinta a fuskarsa ba. Alhaji jam na, ina gajiya, ina iyali, kai wannan ƙafa ai bai kamata ka tsaya layi ba, zo ka huta a ciki akwai iska. Ya riƙe min hannu sai kace surukinsa. Sai da muka shiga ya rage murya yace Alhaji taimako za ka yi mana, baƙi ne ke tafe daga Yawunde masu duba aiki, ga gado 8 a ɗakin nan marasa lafiya 3 kacal gare mu, in suka ga wurin wayam za su rubuta ba a amfani da ginin, mu kuma kuɗin da ake bamu gwargwadon aikin da aka ƙirga ne, ga na takardun bara ma har yanzu muna zaman jira. Ka kwanta minti 30 kawai, ƙafarka kuma ni zan wanke maka kyauta.

Kyauta. A nan shaiɗan ya kama ni.

Don ku gane, ni mutum ne da ban faɗa cikin kowane rukuni ba. Ran 12 ga Afrilu 2023 ministan lafiya Manaouda Malachie ya je Manju kusa da Bartuwa ya ƙaddamar da tsarin nan na kula da lafiyar kowa da kowa da ake ce wa CSU, muka ji a rediyo muka yi murna, ashe kashin farko ne: yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ganin likita kyauta, mai wankin ƙoda jaka 15, wato sefa dubu 15, a shekara, mai ciki tana da nata tsarin. To ni shekarata 47, ƙodata lafiya lau alhamdulillahi, ciki kuma na tuwo ne. Ƙato mai ƙusa a ƙafa babu layinsa a takardar. Saboda haka da naji kalmar kyauta ban tsaya tambayar wane ɗaki ne wannan ba.

Majo ya koya min kalma biyu na Faransanci, in an tambaye ni komai ince tre biyen, wato lafiya lau, in an yi maganar kuɗi ince giratuwi, wato kyauta. Na duba sauran gadajen naga mai shayin bakin ƙofa kwance ya lumshe ido yana nishi kamar gaske, can kuma ƙanen maigadi an ɗaure masa bandeji a kai. Ni aka bani gadon ƙarshe bayan labule, sabon zanin gado fari fat har da ƙamshin leda. Wata yarinya 'yar koyon aiki ta zo a guje tana rataya kati a ƙafar kowane gado, ashe daga tarin fayil ɗin kan tebur take zaro su ba ta ma karantawa.

Minti 30 ta zama awa 2. Ku da kuka san zafin Garwa a watan Afrilu, sannan a haɗa maka katifa da fanka, ga ƙuda na damuna na ja zanin na rufa har kai. Bacci yayi awon gaba da ni.

Abin da ya tashe ni wani abu ne mai sanyi a kan cikina. Naji muryar mace tana magana da Faransanci a nitse, ni kuma Faransancina na kasuwa ne, na ciniki da 'yan duwan, wato kwastan, amma na tsinci kalmar wata takwas, na kuma tsinci shek sante. Wannan kam na sani sarai, takardar nan ce ta jaka 6 da aka fara a jihohin Arewa uku tun 2015, mace ta saya ta yi awo da hoton ciki da haihuwa, ko tiyata ce ta kama an biya, har kwana 42 bayan haihuwa ita da jariri. Ni da kaina na saya wa uwar yara lokacin cikin autanmu kuma tsakani da Allah abin ya yi mana rana, don da aiki aka ciro shi, da ba don takardar ba da sai na sayar da rabin shago. Abin da ban gane ba shi ne me ya haɗa ni da ita yau.

Ashe likitar da ta jagoranci baƙin ta karanta katin ƙafar gadona, ta ga tudu a ƙarƙashin zani, ta ɗauko ɗan ƙahon nan da ungozomomi ke jin bugun zuciyar jariri da shi ta kafa min a cibiya ta kan zanin. Ni kuwa da safe ƙosai na ci da kunu na kora da shayi. Cikina ya zaɓi wannan lokacin yayi wata irin ƙara kamar babbar mota na hawa tudun Ngawundare. Ta yi shiru. Ta sake kasa kunne. Sannan a hankali ta yaye zanin daga kai.

Gemu. Furfura. Hula zanna a karkace.

Mutum kusan goma a tsaye kaina da jakunkuna da manyan littattafai, majo a bayansu fuskarsa ta koma kalar toka. Na rasa abin yi, bakina ya buɗe da kansa nace tre biyen. Babu wanda ya motsa. Sai na ƙara da giratuwi.

Wani mai ƙaton tabarau ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa na rawa. Ita kuwa likitar ko murmushi ba ta yi ba, ta dube ni ta dubi katin, sai kawai naji Hausa tsantsa daga bakinta: Alhaji, Allah ya sauke ka lafiya. Ashe a unguwar Birkiteri ta Yawunde ta tashi cikin Hausawa. Ina ma ƙasa ta tsage.

Daga nan fa ta koma aikinta da gaske. Tace me ya kawo ka, na nuna ƙafa, ta ga man birki ta girgiza kai tace wa ya yi maka wannan, nace wani ƙwararre ne. Ta sa aka gwada jinina tace ya hau, in rage gishiri da maggi, wanda ni a ganina duk wanda ya farka ya ga mutum goma a kansa dole jininsa ya hau. Ta tambaye ni in nazo nan nawa nake biya, majo yana min ido daga baya yana ɗan girgiza kai, ni kuma kunya ta riga ta cinye ni babu sauran ƙarya a bakina, na lissafa mata komai har kuɗin auduga. Ta rubuta. Ta taka zuwa wurin wanke hannu ta murɗa famfo, ruwa ya zo shaa na ɗan lokaci sai ya fara tari ya ɗauke, ashe duro ɗaya aka sa 'yan ga-ruwa suka cika da safe. Ta rubuta wannan ma. Mai shayi da yaga abin ya ɓaci sai ya warke nan take, ya sauko daga gado yace ya bar ruwa a wuta.

Ban san cewa ɗan acaɓan da ya kawo ni ya leƙo ta taga ya ɗauke ni hoto ina lulluɓe har kai ba, ya tura a WhatsApp na unguwa wai a sa Alhaji a addu'a. Lulluɓe da farin zani fa, har kai! Baƙi na fita ta wannan ƙofa sai ga Inna da uwar yara da ƙannena mata biyu ta waccan, da tabarma da filas da buta, ana salati ana kuka. Inna ta ganni zaune da raina ta dafe ƙirji, sannan ta juya kan yarinyar nan mai koyon aiki tace 'yar nan me ya same shi. Ita kuma baiwar Allah a ruɗe take, ta ɗaga katin ta karanta mata abin da ke ciki. Uwar yara ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye, Inna kuwa cewa tayi dama ta daɗe tana faɗa min in rage cin dare.

Ƙurar motocin baƙi ba ta gama kwantawa ba aka kashe janareto, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya, wani ya zo ya zare zanin gadon daga ƙarƙashina ya ninke ya mayar cikin ledarsa. Na nemi majo don cika alkawari yace Alhaji kai da ka tona mana asiri, je ka kes. Naje kes na biya, na sayi karne, allurar tetanus aka ce babu sai a farmasin waje, na aiki yaro ya sayo, duka-duka sai da jaka 9 ta fita.

A bangon kes ɗin akwai takarda manne mai lambar hukumar yaƙi da cin hanci CONAC, 1517, kira kyauta. Na ciro waya har na danna 15 sai na tsaya, to in sun ɗauka ince musu me, ni wane ne a labarin? Sashen binciken kuɗi na kotun ƙoli ma da ya bi diddigin asusun korona na biliyan 180 ya fitar da rahoto a 2021, wata da watanni ana ta cacar baki a gidajen rediyo, to ina ga ni da aka kama dumu-dumu a gadon mai ciki. Na mayar da wayata aljihu.

Ƙafa ta warke cikin sati biyu. Sunan ne bai warke ba, yanzu duk layinmu mai jego ake kirana, bakaniken nan har kunun kanwa ya aiko min a roba, matan da ke sayar da abinci kullum sai sun tambaye ni yaushe ne suna. Ginin kuma na wuce ta wurin kwanaki naga an mayar da kwaɗo, awakin sun koma barandarsu.

Shekaranjiya da daddare wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na ɗauka naji Alhaji jam na, ina gajiya, ina iyali, ran Alhamis kana gari kuwa? Nace majo, sai dai in kun buɗe ɗakin maza.