Hirar cikin labari ba hirar zaure ba ce

Akwai wani ra'ayi da ya yaɗu tsakanin marubuta ƙagaggun labarai wanda ke damuna: wai hirar taurari sai ta zo daidai da yadda ake magana a zahiri, tun daga sallama har tambayar gajiya da mutanen gida. Suna da hujja, domin Bahaushe ba ya shiga magana ba gaisuwa.

Sai dai aikin hira a labari shi ne ta gusar da al'amari daga inda yake. In mutum biyu suka gama magana, wani abu ya sauya: asiri ya tonu, ko an yanke shawara, ko zumunci ya yi tsami.

Ga misali. Uwa ta ce, "Jiya na aika gidan yayarki, aka ce ba ki je ba." Yarinyar ta ci gaba da tsintar shinkafa, ta ce, "Inna, ruwan ya tafasa?" Ba ta amsa ba, amma mai karatu ya gane tana ɓoye wani abu, uwar ma ta gane, kuma dole babi na gaba ya bi sawun inda ta je. Shafi guda na "ina kwana" da "lafiya lau" ba zai haifar da haka ba, sai fa in ɗayarsu ta ƙi amsa gaisuwar.